Wanka a Gindin Tirela

Da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a Agustan 2023, direbobin manyan motoci sun maƙale a Illela, mota ta zama ɗakin kwanansu. Tafkin Kalmalo da ke kusa, wanda a da ake kamun kifi cikinsa, ya daɗe da janyewa, don haka ruwan wanka sai na sayarwa.

Bature mai kwana a mota yakan rataya baƙar jakar roba, rana ta ɗumama ruwan, ya zubo ta tiyo. A wurin direba wannan almubazzaranci ne, domin jarka ɗaya ce ta sha, ta alwala, ta wanka. Bayan isha'i yakan jingina tabarma jikin taya, ya tsuguna da buta biyu, ya rage wa karen mota nasa.