Tokyo: Inda Ake Haɗa Kayan Sauti Da Tunanin Maƙwabci

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Akihabara da ke birnin Tokyo, dogayen benaye masu walƙiya ne za su fara cika masa ido. Amma tushen unguwar yana ƙasa, ƙarƙashin gadar jirgin, cikin lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu sayar da kayan gyaran rediyo suka taru a wurin, kuma har gobe akwai ragowarsu: ƙananan rumfuna, kowace da dattijo zaune a bayan akwatunan wayoyi da soket da 'yan ƙarafan da sai mai sana'a ne ya san amfaninsu.

Ɗan 'yar'uwata da ke karatu a can ne ya kai ni, shi ne kuma tafintana. Saƙon maƙwabcinsa muka je saye, wani dattijo ɗan ƙasar da ya yi ritaya. Ya sayi sabuwar amfilifaya da lasifiku, irin abin da muke kira hom tiyata, yana son haɗa su da tsohuwar na'urarsa ta DVD. Waya ɗaya tak ta rage masa, ya zana mana hoton bakinta a takarda. Mai rumfar ya dubi zanen, ya tambayi tsawon da ake so, ya miƙo.

Faifan DVD bai mutu a Japan ba, kuma ba abin mamaki ba ne, don a can aka haife shi. A watan Nuwamba na 1996 kamfanonin Toshiba da Panasonic suka fara sayar da na'urorin DVD a ƙasar, kafin su isa Amurka a 1997. Da Sony ta fito da PlayStation 2 a shekarar 2000, wadda ita ma tana karanta faifan, sai DVD ya shiga gidajen da ba su taɓa niyyar sayensa ba. Shagunan hayar finafinai irin su Tsutaya da Geo suna ta raguwa saboda kallon intanet, amma har yanzu za ka ga mutane suna zaɓar faifai a kan kanta.

Ɗakin dattijon da muka kai wa saƙon bai wuce tabarma shida ba, don da tabarmar tatami suke auna faɗin ɗaki, wato kusan murabba'in mita 10. Kafin ya taɓa komai sai da ya zare kowace na'ura daga wuta. Sannan ya juya bayansu gaba ɗaya suka fuskance mu, ya kunna ƙaramar tocila, ya shiga nuna mana kafofin ɗaya bayan ɗaya.

Na'urar tasa ta DVD ta girmi HDMI, wayar nan guda da ke ɗaukar hoto da sauti tare, wadda aka tsara a ƙarshen 2002. Da tana da ita, da aikin bai wuce soka waya biyu ba: ɗaya daga DVD zuwa amfilifaya, ɗaya daga amfilifaya zuwa talabijin. Tunda babu, dole hoto ya bi hanyarsa, sauti ya bi tasa. Ga kafar nan mai ruwan ɗorawa da kowa ya sani, amma ya tsallake ta, ya ce tana cakuɗa haske da launi a waya guda, gefen rubutu ya riƙa rawa. Ya zaɓi wata kafa mai siffar harafin D da ban taɓa gani a kayanmu ba. Ta Japan ce, tana raba hoto gida uku kamar yadda wayoyin nan ja da kore da shuɗi suke yi a wasu ƙasashe, kuma ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Talabijin ɗinsa na lokacin da ƙasar ta koma watsa shirye-shirye na dijital ne a 2011, saboda haka yana da irin kafar.

A kan sauti ne ya daɗe, kuma nan ne na ƙaru. Wayoyin nan ja da fari hanya biyu kawai suke ɗauka, dama da hagu. Faifan fim kuwa galibi yana ɗauke da hanya shida a tsarin Dolby Digital ko DTS: dama da hagu na gaba, ta tsakiya, biyu na kewaye, da ta wufa mai rugugi. Idan ka bi ta ja da fari, na'urar za ta matse shidan nan su koma biyu, amfilifaya kuma ta yi ta ƙoƙarin raba su da kintace. Wayar da muka sayo ita ce maganin wannan. Siririya ce, babu tagulla a cikinta, haske take ɗauka; Toshiba ce ta ƙirƙiro ta a 1983. Ya cire 'yar murfin da ke kare bakinta daga ƙura, ya soka har ta yi ƙas, ya gargaɗe mu kada a lanƙwasa ta da ƙarfi. Da aka mayar da wuta, sai ga ɗigon jan haske a ɗaya bakin.

Ko da an soka ta, aiki bai ƙare ba. Ya ɗauki rimot ya shiga saitin na'urar, inda aka ba da zaɓi tsakanin PCM da Bitstream. Ta wannan waya, PCM hanya biyu kaɗai yake aikawa. Bitstream ne ke tura sautin a dunƙule, amfilifaya ta warware shi da kanta. Yana sauyawa, sunan Dolby Digital ya bayyana a fuskar amfilifayar. Ɗan 'yar'uwata ya juyo ya ce, "Kawu, ka ga abin da ya sa ta gidanmu lasifikun baya ba sa cewa uffan." Gaskiya ya faɗa, kuma ba gidansu kaɗai ba. Sau da yawa mutum zai kashe kuɗinsa a kan lasifika biyar da wufa, ya jera su duka a kan kanta ɗaya gefen talabijin, ya haɗa da ja da fari, ya ƙure murya. Wannan yana ba ni takaici, domin abin da ya saya ya fi abin da yake ji nesa ba kusa ba.

Dattijon ya aje lasifikar tsakiya daidai ƙasan talabijin, don daga ita maganar 'yan wasa ke fita. Na gaba biyu suka zauna dama da hagu, daidai tsayin kunnen mai zaune. Na kewaye ya kai su gefen kujera, ya ɗan ja su baya. Kowace waya sai ya duba ta sau biyu, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, don idan aka juya ta lasifika ɗaya, sautin zai yi rauni ba tare da ka gane dalili ba. Daga nan ya ɗora 'yar makirfon da ta zo da amfilifayar a inda kansa ke kasancewa, muka yi tsit, lasifikun suka riƙa fitar da ƙara ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana auna nisan kowace.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wufa. Kafin ya aje ta sai da ya shimfiɗa roba mai kauri, ya nisanta ta daga bango, ya rage ƙarfinta ƙasa da abin da awon ya bayar. Ya ce akwai mai jariri a ƙasansa, kuma rugugi ta daɓe yake bi ya sauka. Ya kuma kunna saitin dare, wanda ke danne ƙarar fashewa ya ɗago muryar masu magana. Babu wanda ya kawo ƙararsa. Shi ya ɗora wa kansa. Mu da aka yi wa wasiyya da haƙƙin maƙwabci tun muna makarantar allo, bai kamata a ce wani ya riga mu a nan ba. Kuma da aka sa fim, ban rasa komai ba. Ruwan sama ya zubo ta bayana, magana ta fito tar daga gaba, alhali muna iya hira ba tare da ɗaga murya ba.

Washegari muka leƙa Hard Off, shagon kayan hannu, inda na'urorin DVD masu tsabta suke jibge da araha, wasu har da rimot da littafinsu. Mai niyyar kawo irinsu gida ya yi hattara. Wutar gidajen Japan bolt 100 ce, tamu 230. In ba a bi ta taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba, sokawa ɗaya za ta ƙone. Sannan an raba duniya yanki-yanki a kan faifan DVD: Japan da Turai suna yanki na 2, Amurka na 1, Najeriya da Nijar na 5, kuma na'urar wani yanki ba ta buɗe faifan da aka kulle wa wani. Ko faifan ba shi da kulle, kamar yawancin waɗanda ake bugawa a kasuwanninmu, akwai sauran shinge: Japan tana kan tsarin hoto na NTSC, faifan da aka yi da PAL kuwa na'urorinta da yawa ba sa karɓarsa. Shi ya sa manyan shagunan Akihabara suke ware kanta ta musamman don baƙi, ta kayan da aka ƙera domin wutar ƙasashen waje, kuma a nan ya kamata mai saye ya fara tambaya.