Zabura ta 140 a Ɗakin Kaka

Tun da Kaka ta baro Danko-Wasagu ta dawo wurinmu a Gwadangaji, ba ta kwanciya sai na karanta mata Zabura ta 140. Idanunta sun raunana, ni ce idonta.

Addu'ar Dawuda ce, yana roƙon Ubangiji ya kare shi daga masu girman kai da suka ɗana masa tarko. Da ina ƙarama, kamar tatsuniya nake jin ta. Yanzu in na zo kan tarkon, sai Kaka ta damƙe hannuna. Ta san masu baburan, ta san dawar da ta bari a gona ba a yanke ba.

Inda ake roƙon garwashi ya zubo musu, muryata rawa take yi.

"Ɗaga murya, kishiyata," in ji Kaka. "Maimaita wurin nan."