Wasiƙa zuwa Unguwar Sarki

Yayana,

Ka ce in ba ka labarin yawon da muka yi da yara a mota lokacin hutu. Hotunan duwatsu da ɓauna suna tafe, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

A Yellowstone, gandun dajin da Amurka ta keɓe tun 1872, muka ci karo da wata tsohuwa, sanda a hannu ɗaya, leda a ɗayan. Duk inda ta hangi murfin gora ko guntun taba sai ta sunkuya da kyar ta ɗauka. Ba aikinta ba ne, buɗe ido ta zo kamar mu. Da babban ɗana ya tambaye ta dalili, sai ta ce ai wurin nata ne. Tun daga ranar yaran ba su ƙara sauka daga mota babu leda a hannu ba.

Kada ka ɗauka duk mutanen nan haka suke. A cikin dajin akwai wata maɓuɓɓugar ruwan zafi, Morning Glory, wadda a da shuɗiya ce shar. Baƙi suka yi ta jefa mata kwabbai da duwatsu da tarkace har bakinta ya toshe, zafin ruwan ya ragu, gefenta ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa. A ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 kuma, da rikicin kasafin kuɗi ya tsayar da ayyukan gwamnati na kwana 35, bola ta taru a gandayen dajin ƙasar. 'Yan sa-kai ne suka fito da buhuna suka yi ta kwasa.

Ina kallon tsohuwar nan, wurin shaƙatawa na Gamji a Kaduna nake gani washegarin Sallah: ledar fiya wata da ta abinci sun rufe ciyawa har gindin gadar Lugard, wadda aka ɗauko daga Zungeru. Iska ta kwashe su zuwa kogin Kaduna, na cikin gari kuma su toshe kwata, damina ta zo mu ce ƙaddara. Abin yana ci mini rai, Yaya, domin mu ba ƙazamai ba ne. Inna tana share tsakar gida safe da yamma. Amma da an wuce zaure sai mu ce na gwamnati ne, na gwamnati kuwa ba na kowa ba ne. Yaƙi da rashin ɗa'a da Buhari da Idiagbon suka soma a 1984 ya sa mutane shara da bulala, ana ajiye bulalar aka ajiye tsintsiya. Alhali tun muna Islamiyya aka karantar da mu ladan ɗauke abu mai cutarwa daga hanya.

Don Allah, in za ku Gamji a wannan Sallar, ka tafi da buhu. Kai za ka fara sunkuyawa, yaran su gani. Ka kuma roƙi liman ya taɓo zancen a huɗuba kafin ruwa ya sauka.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta sa mu a addu'a.

Ƙanenka.