Daga Marakesh Zuwa Imilshil a Tsakiyar Hunturu

Litinin

Bayan sallar asuba muka bar Marakesh, ni da Yaya da direban da muka ɗauka shata, wani dattijo mutumin Tingir. Tun daga cikin gari ake hango duwatsun Atlas ta kudu, sun yi fari fat. Da muka wuce Ait Urir sai hanya ta fara hawa, kwana bayan kwana, har ƙauyen Taddart, inda muka tarar jandarmomi sun sauke shinge. Dusar ƙanƙara ta zuba da daddare, ba mai wucewa sai motar shara ta gama aikinta. Ba wanda na ji ya yi gunaguni. Direbobin manyan motoci suka cika rumfunan masu gashin nama, mu ma muka zauna kusa da garwashi muna kurɓar shayi mai na'a-na'a.

Da hantsi aka ɗage shingen. Mashigin Tishka da muka nufa yana kan tsayin mita 2,260, kuma sojojin Faransa ne suka fasa titinsa a 1936, bisa tsohuwar turbar fatake. A ƙololuwa muka tsaya na damƙi dusar. Laushi gare ta, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, kafin in ankara yatsuna sun sandare. Yaya ya ce, "Wannan abu ai azaba ce ga mutanen nan." Direba ya girgiza kai ya ce, "A'a Alhaji, wannan shi ne rumbunmu. Shekarar da dutse bai yi fari ba, ita muke tsoro."

Muka kwana a Talwat.

Talata

Da safe muka zaga bayan fadar gidan Galawi. Da harajin ayari da kuɗin gishirin da ake haƙa a yankin suka yi arziki. Tuhami Galawi ya riƙe sarautar Marakesh har rasuwarsa a 1956, ya kuma haɗa kai da Faransawa wajen tuɓe Sarkin Maroko Muhammad na Biyar a 1953. Yanzu jan bangon ƙasar sai zaizayewa yake yi. Muka bi kwarin Unila zuwa Ait Bin Haddu, garin ƙasa da UNESCO ta sanya a jerinta a 1987. Yana da kyau, sai dai masu sayar da tsaraba sun fi mazauna yawa, ban samu natsuwa a wurin ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina allunan kan hanya ne: Larabci, Faransanci, da rubutun Tifinag, ɗan'uwan wanda Buzaye ke rubutawa a Agadez. Tun 2011 harshen Amazig, wanda ake rubutawa da Tifinag, ya zama na hukuma a Maroko. Kwana a Warzazat.

Laraba

Yau na gane maganar direba. Daga Warzazat zuwa Tingir wajen kilomita 170 ne, kuma duk fako ne da tsakuwa, ba ko inuwar da akuya za ta fake. Amma duk inda rafi ya gangaro daga dutse, sai ka ga zirin kore ya miƙe tare da shi: dabinon Sukura, furen wardi na Kalat Maguna da ake yi wa biki a watan Mayu, gonakin kwarin Dadis. Ruwan sama a nan kaɗan ne ƙwarai. Abin da suke sha da wanda suke ban-ruwa da shi, mafi yawa dusar can sama ce, mai narkewa sannu a hankali idan zafi ya shigo.

A Tingir direba ya kai mu lambun danginsa. Hawa uku suke shuka: dabino a sama, zaitun da rumman a inuwarsa, sha'ir da ciyawar dabbobi a ƙasa. Ruwa yana bin ƙananan magudanai, kowane gida da lokacinsa. Na tsaya ina kallon wani yaro ya toshe bakin magudana da laka da tsumma, ya buɗe wani da fartanya, ruwan ya juya ya shiga fangalin maƙwabci, ba cece-ku-ce. Tsari ne da ya girmi kakanninsu, kuma ya burge ni fiye da duk wata fada da na gani a tafiyar nan. Fari ya jera musu shekaru, garken ƙasar ya ragu, har ta kai a 2025 Sarki Muhammad na Shida ya nemi jama'a su haƙura da yanka ragon layya. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda dattijon nan ke duban farin dutse yana hamdala ba.

Alhamis

Kwazazzabon Tudga yana arewa da gari kaɗan. Bangon dutse biyu ja, tsayinsu ya haura mita 150, a wani wurin tsakaninsu bai wuce mita 10 ba, titi da rafi suna matse a ciki. Rana ba ta leƙowa sai ta take tsaka. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma shi ya yanka dutsen nan, shi ne kuma wanda muka gani jiya a lambu.

Daga nan 'yan yawon buɗe ido ke juyawa, mu kuwa muka miƙa. Tamtatusht, Ait Hani, sai hawa mai tsanani. Bishiya ta ƙare, dusa ta rufe gefen titi, direba ya sa giya ta biyu ya daina magana. Muka wuce wata mata da ƙaton damin ƙirare a baya, jakinta na biye ɗauke da tukunyar gas. Ta Agudal muka gangara, muka shiga Imilshil gab da magariba.

Juma'a

Gari ne ƙarami, sama da mita 2,000 bisa teku, na ƙabilar Ait Hadidu. An san shi da taron watan Satumba da ake ɗaura aure da yawa a cikinsa, da tafkuna biyu, Isli da Tislit. A hunturu ba baƙo sai mu. Ruwan famfo ya daskare, mai masauki ya ɗora mana buta a kan murhun ƙarfe kafin muka yi alwala. A masallaci kowa da jallabiyar ulu mai hula, tururi na fita daga baki idan an ce amin.

Yaya ma yana da gaskiyarsa. Dusar da ke ciyar da Tingir ita ce ke toshe wa ƙauyukan nan hanya, mai naƙuda ta rasa motar asibiti, kuɗin itace ya cinye abin da aka samu a dankali da tuffa. Su ne ke kwana a cikin sanyin, amfanin kuwa ya fi sauka can ƙasa, kuma a ganina sun cancanci titi da asibiti fiye da abin da ke gare su.

Da la'asar sama ta sake haɗuwa. Direba ya ce ba zai hau Agudal gobe ba sai ya ji daga masu shara, in kuwa an rufe, sai mu zaga ta garin Rish.