Ƙarfe Ba Ya Gina Jiki Sai da Abinci

Na daɗe ina ɗaga ƙarfe a Agege, kuma kukan samarinmu ɗaya ne: ana shan wahala, jiki ya ƙi cikowa. To, wanda ya wuni yana dakon buhunan albasa a Mile 12 yana iya ƙona kalori 3,000, sannan ya sha shayi da burodi ya nufi wurin ƙarfe. Da me jikin zai yi ginin?

Ni dai kullum nakan ƙara kalori 300 zuwa 500 a kan abin da jikina ke ƙonawa, da furotin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyina. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar giram 96. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Wake, gyaɗa, awara, nono da kifi su cike sauran. Sai isasshen barci.

Masu sayen ƙwayar "sha ka fashe" su ke damuna. Kumburin ruwa da kitse ne kawai, tsoka ma zaizayewa take yi, ga hawan jini da ciwon suga. Nema ya kawo mu Kurmi, kada mu koma gida da cuta.

Allah Ya ba mu lafiya.