Wasan Harbi Da Ƙaramar Bindiga: Bayani Ga Mutanen Gida

Mu 'yan ƙalilan ne daga cikin 'ya'yanku da neman abinci ya kai birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, kuma labari ya iso mana cewa ana ta maganarmu a gida, wai mun shiga harkar bindiga. Ba mu ga laifin wanda ya tsorata ba. A kunnen mutumin zango, bindiga in ba ta maharbi ba ce ko ta toka da ake bugawa ranar biki, to ta soja ce ko ta ɗan fashi, ga shi kuma baƙo a ƙasar mutane shi ake fara nunawa da yatsa in wani abu ya faru. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana muku wannan wasa da muke zuwa ran Asabar, yadda ake yinsa da yadda ake ƙirga makinsa, sa'an nan ku yanke hukunci da kanku.

Wasan dai ba a nan aka ƙago shi ba. Asalinsa jihar Kalifoniya ce ta Amurka, inda a cikin shekarun 1950 waɗansu masu sha'awar ƙaramar bindiga suke taruwa suna gasar wanda zai riga zaro ta daga kube ya sami abin bara. Jagoransu wani tsohon hafsan soja ne mai suna Jeff Cooper. A watan Mayu na 1976 aka yi taro a garin Columbia cikin jihar Missouri aka kafa ƙungiyar duniya ta wasan, wadda aka fi sani da IPSC, aka naɗa shi Cooper shugabanta na farko. Taken da suka zaɓa kalmomi uku ne na Latin, ma'anarsu saiti, da ƙarfi, da sauri. Kudancin Afirka kuwa tun da wuri ya rungumi abin. Gasar duniya ta 1977 a Salisbury aka yi ta, watau Harare ta yanzu, ta 1979 da ta 1981 kuma a nan yankin Johannesburg, aka sake dawowa ƙasar a 2002. Shi ya sa in ka je filin harbi a nan za ka tarar da dattawa masu furfura waɗanda suka yi shekara arba'in suna wannan abu, tare da 'ya'yansu mata da jikokinsu.

Ba irin harbin nan ba ne da mutum zai tsaya wuri guda ya rufe ido ɗaya yana auna ɗigo. Ana raba gasa zuwa fage-fage, kowane fage da tsarinsa, kuma ba a maimaita tsari daga gasa zuwa gasa. Gajeren fage ba ya wuce harbi 12, matsakaici 24, dogo kuwa 32. Za ka ga an kafa katangu na katako da raga, da tagogi, da ƙofar da sai ka buɗe, a bayansu an dasa kwalaye masu launin ƙasa, waɗansu kusa kamar ka miƙa hannu, waɗansu can da nisa. Akwai kuma ƙarafa da sai sun faɗi ake ƙirga su, akwai kwali mai lilo wanda faɗuwar ƙarfe ke sakinsa. A tsakaninsu ana cusa waɗansu kwalaye na daban, galibi farare, waɗanda ba a yarda harsashi ya taɓa ba. Kafin a fara, alƙalin fili zai karanta ƙa'idar fagen, ya ba da 'yan mintoci kowa ya zagaya hannu wofi. A nan ne za ka ga manyan mutane suna tafe suna nuna iska da yatsa suna motsa baki kamar masu tilawa. Lissafi suke yi: ina zan tsaya, wanne zan fara, a wane taku zan sake gidan harsashi.

To, ga inda maganar take. Kowane kwali an raba shi gida uku da zane siriri wanda ba a ganinsa daga nesa. Tsakiya ana kiranta A, maki 5 ce. Na kewaye da ita C, na can gefe D, makinsu ya fi ƙanƙanta. Galibi harbi biyu ake nema a kan kowane kwali, kuma ko ka harba biyar, biyu mafi kyau za a ɗauka. Ramin da aka nema aka rasa, a cire maka maki 10. Ka taɓa farin kwali, a cire 10. Ka taka waje da layi kana harbi, a cire 10. Alƙali yana biye da kai riƙe da wani ɗan agogo mai jin ƙarar bindiga, wanda ke rubuta lokaci daga ƙarar farawa har zuwa harbinka na ƙarshe. In an gama sai a ɗauki makinka a raba da daƙiƙoƙin da ka ci. Abin da ya fito shi ne darajar harbinka a wannan fage.

Bari mu kawo misali da fage mai kwali 6, watau harbi 12, maki 60. Na farko ya natsu ya zuba duka a tsakiya, ya sami 60 cikin daƙiƙa 12, darajarsa 5 ke nan. Na biyu ya ɗan saki hannu, 8 a tsakiya, 4 a gidan C mai maki 3, jimla 52, amma cikin daƙiƙa 9. Darajarsa ta kusa 5.8, ya wuce na farko duk da cewa na farko bai kauce ko sau ɗaya ba. Na uku ya ga haka ya ce shi ma bari ya ƙara wuta, ya gama cikin daƙiƙa 8, sai dai harsashi ɗaya ya bi iska. Yana da 7 a tsakiya da 4 a gidan C, maki 47, aka cire 10 saura 37, darajarsa 4.6, shi ne na baya. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya fi daraja shi ke kwashe makin fagen duka, sauran kuma a ba su gwargwadon kusancinsu da shi: na biyu 60, na farko wajen 52, na uku 48.

Mun daɗe muna kallon wannan lissafi kafin mu gane zurfinsa. Harsashi ɗaya da ya kauce ba 10 kaɗai ya ci maka ba, 15 ne, domin ka rasa 5 ɗin da za ka samu. Ga mai darajar 5, maki 15 daidai yake da daƙiƙa 3 cur, alhali sake harbi ɗaya don gyara bai kai daƙiƙa guda ba. Amma fa sai in ka san ka kauce, kuma daga nesa ba a ganin rami. Gwanaye suna sani ne daga inda saitin yake a daidai lokacin da bindiga ta tashi, tun kafin harsashi ya isa. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki a wajen mutane irin su Eric Grauffel na Faransa, wanda ya ci gasar duniya a Cebu ta ƙasar Filifin a 1999 yana saurayi, ya kuma ci gaba da cinta sau da yawa bayan nan. In ka kalli hotunan harbinsa ba za ka ga alamar gaggawa ba. Lokacin da yake tsimi ba a jan kunama yake ba, a tafiya ne tsakanin taga da taga, da isowa wuri bindiga ta riga ta hau ido.

Saura ƙarfi, na uku a cikin taken. Tun farko masu wasan sun ce ba adalci ba ne a haɗa mai harsashi mai laushi da wanda bindigarsa ke shuri da ƙarfi. Don haka a manyan gasa ana karɓar harsasan kowa a auna. Ana ɗaukar nauyin kan harsashi da wani ƙaramin awo da ake kira giren, a ninka da saurinsa ƙafa nawa a daƙiƙa, a raba da 1,000. Harsashi mai milimita 9 mai nauyin giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 zai ba da 130, ya haye ƙaramin awo, wanda mafi ƙanƙantarsa 125 ne. Babban awo kuwa 160 ne ko 170, gwargwadon rukuni. Mai babban awo yana samun 4 a gidan C da 2 a gidan D, mai ƙarami 3 da 1, tsakiya kuwa 5 ce ga kowa. Wanda ya ce babba yake harbawa aka auna bai kai ba, a mai da makinsa duka na ƙarami. Wanda bai kai 125 ba, zai iya ci gaba da harbi amma ba za a rubuta masa kome ba. Sanyi yana iya rage wa albarushi kuzari, kuma safiyar Yuni da Yuli a nan sanyi ne mai sa yatsu su ƙage, saboda haka mai hankali ba ya ɗura harsashinsa daidai kan iyaka.

Batun kayan aiki ba za mu ja shi ba, ko da yake shi ne hirar da ba ta ƙarewa a gindin inuwa. A 1990 wani Ba'amurke, Doug Koenig, ya ci gasar duniya a Adelaide ta Ostareliya da bindiga mai gilashin saiti mai jan ɗigo, daga nan aka ga in ba a raba rukuni ba mai kuɗi ne zai riƙa cinyewa kullum. Yanzu akwai rukunin da aka sakar wa mara, inda ake sa gilashi da bututu mai huda a baki don rage tsalle. Akwai wanda dole bindiga ta shiga akwati mai tsawon milimita 225, faɗi 150, kauri 45. Akwai kuma na bindiga kusan yadda ta fito daga masana'anta, irin su Glock 17 da CZ Shadow 2, inda harsashi 15 ne iyakar abin da ake ɗurawa kuma kowa ƙaramin awo ake ba shi. A nan muke, kuma a ganinmu nan ne ake gane hannun mutum. Ban da bindiga sai ɗamara mai tauri, da kube mai rufe kunama, da aljifan gidan harsashi, da tabarau, da abin toshe kunne. Waɗannan biyu na ƙarshe har ɗan kallo sai ya sa.

Ku lura, duk abin da muka lissafa yana da farashi a maki. Za ka iya sayar da saiti ka sayi lokaci, za ka iya karɓar shurin bindiga ka sayi maki ɗaya a gidan C. Abu guda ne ba shi da farashi, shi ne kiyaye rai. Bindiga tana zama babu harsashi a cikin kube duk yini, ba ka taɓa ta sai a wurin da aka keɓe, inda kuma ba a taɓa harsashi, ko in alƙali ya ba ka umarni. Umarnin da Turanci ne, kalmomi iri ɗaya a duk duniya: ka ɗura ka shirya, ka shirya ko, dakata, sai ƙarar agogo. In ka gama, ka fid da gidan harsashi ka nuna masa cikin bindiga wayam, ka mai da ita kube, sa'an nan ya ce fili ya zama lafiya a shiga ƙirga. In bakin bindigarka ya juya ya wuce kusurwar digiri 90 daga tudun ƙasar da ke tare harsashi, an kore ka daga gasar. In yatsanka yana kan kunama kana gudu ko kana sake gidan harsashi, an kore ka. In ta suɓuce ta faɗi, ko bakinta ya bi ta kan hannunka, ko ta tashi ba da nufinka ba, haka nan. Mai maye ba ya ma isa layi. Ba a duban ko kai ne kan gaba, ba a duban kuɗin da ka biya ko nisan garin da ka fito. Mun ga wanda ya fi kowa maki a fage biyar an tsai da shi a na shida da kalma ɗaya. Ya kwance ɗamararsa ya kai mota, ya dawo ya ɗauki takardar manne ya yini yana toshe wa sauran ramukan kwali, kamar yadda al'adar wurin take.

Aikin manne ɗin nan shi muka fara da shi, kuma har yau yawancinmu shi muka fi yi, tare da ta da ƙarafa da tsince kwanson harsashi. In hadarin la'asar ya taso, kamar yadda yake yi nan a watannin Disamba da Janairu, mu ne masu rufe kwalaye da leda mai haske don kada su jiƙe, a ci gaba da harbi cikin taɓo.

Ga samarin da suka aiko suna tambayar yadda za su shiga, ba za mu ɓoye muku ba, wasan mai cin kuɗi ne. Gasar yini ɗaya takan ci harsashi fiye da 100, ban da na gwaji. Kuma duk da asalinsa, kada wani ya ɗauka makarantar faɗa ce, kwali ba ya ramawa. Dokar bindiga ta wannan ƙasa, ta shekarar 2000, ba ta ba da izini sai ga ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, galibi wanda ya kai shekara 21, bayan ya yi horo ya ci jarrabawa, an ɗauki zanen yatsunsa, an tabbata yana da akwatin ƙarfe na ajiya. Kowace bindiga da lasisinta. Mutum biyu ne kawai a cikinmu suka cika waɗannan sharuɗɗa, sauranmu in za mu harba to da bindigarsu ne, a fili, suna tsaye a kanmu. Wanda ya roƙi mu sako masa ɗaya a cikin kaya in za mu zo gida, ya yi haƙuri, lasisin nan ba ya ƙetare iyaka, kowace ƙasa da tata dokar.