Daga Kaset Zuwa Saƙon Murya

Goro ne ya kai kakanninmu Agege a Legas, jirgin ƙasa kuma ya zaunar da su, don daga nan ake loda huhunan goro zuwa Kano. Mu da muka tashi a Zangon Agege a shekarun 1980, da wuya mu ga dattijo mai farin haƙori. Baki ja, aswaki a aljihu. Tsofaffin mata na goge haƙora da gawayi, wasu su bi da fure don kwalliya. Wadda ta sauke farali kuwa, haƙorin Makka ke ba da labarinta.

In haƙori ya tashi ciwo, sai kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi. In ya ƙi, sai wanzami. Asibitin koyarwa na Idi-Araba na da sashen haƙori, amma ban taɓa jin dattijo a layinmu ya je a duba masa baki alhali ba ya jin ciwo ba. Giɓi na tsufa ne, haka kowa ya ɗauka.

Baffana yana ƙwadago a Mile 2 a lokacin. Kaset yake ɗauka ya ba direban babbar mota ya kai wa kakarmu Katsina. Sai an yi makonni amsa ta iso, mu kewaye rediyo muna ji: "Ɗan nan, haƙora sun hana ni cin nama, sai kunu." Baffa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ƙulla kuɗi a aika. Ba wanda ya san cewa rashin tauna ne ke ramar da ita.

A 2001 Econet da MTN suka kawo salula. Rubutaccen saƙo bai yi wa tsofaffinmu rana ba, don yawancinsu ajami suka iya, ga ido ya yi rauni. Saƙon murya na WhatsApp ne ya dawo musu da abin da suka saba: a yi magana su ji, su maimaita in sun so.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar sadarwa ta ITU suka fitar da jagorar mOralHealth, don aika saƙonnin lafiyar baki ta waya. Rahoton hukumar na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cutukan baki. Abin da tsoho ke buƙatar ji bai kai minti ɗaya ba. A goge baki da man goge baki mai fuloraid safe da kafin barci. A rage sukarin shayi. Mai haƙoran roba ya cire su da dare ya wanke. Mai ciwon sukari da dasashinsa ke jini ya ga likita. Wasu magungunan hawan jini na busar da baki, busasshen baki kuma shi ke saurin ruɓar da haƙori. Gyambon da ya wuce mako biyu a baki ba na jira ba ne.

Sai dai wayar nan ita ce kuma masu tallar maganin "tsutsar haƙori" ke cikawa da muryoyinsu, cikin Hausa mai daɗi. Tsoho muryar da ya sani yake bi. Likita ya tsara maganar, amma jika ko limamin unguwa ya faɗe ta: "Baba, an goge baki kuwa?" Saƙo irin wannan ba a kashe shi a tsakiya.